Baƙin Injin Maniru

Ƙanena Maniru bai taɓa iya cewa babu ba. A Danchadi muka tashi, gidan manoman albasa, inda in baƙo ya sauka yaran gida ke kwana da rabin ciki. Ni na zama malamin makaranta a Shagari, mai surutu kamar an kunna rediyo. Shi ya tafi Sakkwato ya karanto kwamfuta, ya dawo Bodinga ya buɗe shagon da yara ke koyon jarrabawar shiga jami'a.

Kwamfuta ɗaya tak yake da ita mai ƙarfi. Sauran duk allo ne da madannai. A cikin babbar akwai manhaja mai raba ƙarfinta, wai haifabaiza, wadda ke ƙirƙiro kwamfutocin ƙarya, kowane allo da tasa. Su yake kira baƙi. Ya sha yi mini bayani ina gyaɗa kai kamar ƙadangare, har dai wani abu ya maƙale. Kowane baƙo yana da taswirar memorinsa, wato ma'ajiyar aikin da ke hannunsa, shafi-shafi, yana ganin duk nasa ne. Manhajar kuwa tana riƙe da taswira ta biyu, mai nuna inda kowane shafi yake da gaske. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, da kansa ke bin taswirorin biyu, shi ya sa aikin ke sauri. Sai baƙo ya taɓa shafin da ba a tanada ba, sannan furosesa ya dakatar da shi, manhajar ta nemo masa wuri. Saboda haka ana iya yi wa baƙi alkawarin abin da ya fi wanda ake da shi, muddin ba su nema gaba ɗaya ba.

Da na ji wannan na ce masa ai injin nan ɗan gidanmu ne.

Ana gobe jarrabawa na ɗauko 'yata ta fari, Kausar, a babur. Ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba, kuma wannan yinin kaɗai gare ta. Tun a hanya nake cika baki cewa shagon baffanta ne, kujerarta ba mai taɓawa.

Ta zauna ke nan sai ga Malam Zainulabidin, wanda ya koya mana karatun allo, da jikokinsa. Maniru ya durƙusa ya gaishe shi, ya jawo tsofaffin allunan kwamfuta daga ƙarƙashin tebur, ya ƙirƙiro sababbin baƙi. Can sai surukinsa daga Lambara da 'ya'yan maƙwabta. Ya ƙara wasu baƙin. Ni da ya kamata in tsawata, ni ke shimfiɗa wa dattawa tabarma ina cewa ai wuri ba ya kaɗan.

Yaran suka buɗe tambayoyi a tare, kowane baƙo ya nemi abin da aka yi masa alkawari. Memori ya ƙare. Manhajar ta shiga ƙwace shafin wannan tana kai wa faifan ajiya don ta ba wancan, wannan ya juyo ta sake ƙwacewa. Alluna suka sandare. Yaro ya danna amsa, sai ya gama hamma kafin ta fito.

Maniru ya ja ni gefe, gumi na zuba.

"Yaya, injin ya cika. Sai an kashe wasu, in ba haka ba kowa ba shi samu."

"To kashe na waɗanda sunka zo baya mana," na ce a hankali, don jarumtata ba ta kai kunnen dattawa ba.

"Jikokin Malam? Kai ka hwaɗa mishi."

Na dubi Malam yana jan carbi, na dubi surukin.  Mu biyu mun san dokar da muka tashi da ita: na gida ake tayarwa. Akwai yaran dangi biyu, ya kashe nasu. Bai isa ba. Ya tsaya yana kallona, ni kuma kunyar 'yar fari ta hana ni ko ambaton sunanta a gaban manya. Na ce, "Tashe ta, ai ta gida ta."

Allonta ya yi baƙi, na sauran suka farfaɗo. Malam ya sa mana albarka, ya ce tarbiyyar gidanmu ba ta tashi banza ba. Kunya nake ji in faɗa, amma yabon ya yi mini daɗi.

Mun jira wani ya tashi. Kafin nan man janareta ya ƙare, Maniru ya kasa haɗa ido da Kausar.

Muka kama hanyar Shagari, muka yi nisa. Sannan ta matso kusa da kunnena.

"Baba, in na danna amsa ba daidai ba gobe, ana iya canzawa?"

Na ƙara wa babur wuta kamar iska ta hana ni ji. Ban sani ba.