Tofin da na yi wa inji a hanyar Bukkuyum

Mota ta fara tari muna tsakanin Gummi da Bukkuyum, rana ta yi ja, yara na baya. Hanyar nan kuwa ba a yin magariba a kanta.

Injin ni na kwance shi a gida na haɗa, da ilimina na ɗan firamare.

Na buɗe bonet ina tofa yawu gefen kowane fulogi, in gane wanda bai yi zafi ba. Uku suka yi cuu, na huɗu shiru, ba ya cin wuta.

Maiɗakina ta leƙo: "Baban Hauwa, tofi kake mata?"

"Ke dai ce amin!"

Ashe wayar fulogin ce ban danna ta zauna ba. Na danna ta, inji ya daidaita. Mun shiga gari ana kiran salla.

Har yau ta ɗauka addu'ata ce. Jama'a, in faɗa mata gaskiya?