Jan layin da Baba ya ja a ƙofar musalla

Shekarun baya, lokacin ina aiki da wani kamfanin kayan shara a unguwar Aƙiƙ ta birnin Manzo, aka tura ni gwajin na'urar wanke daɓe mai tuƙa kanta. Wurin wani ribaɗi ne a Al-Ranuna, gidan waƙafi da ake ajiye tsofaffin da ba su da wurin kwana. Na sha guga, na rungumo allon sarrafa ta, ina jin kaina kamar ni na ƙera ta.

Mudir, shugaban gidan, ya tara mazauna a baranda. A gefe akwai wani tsoho riƙe da tsintsiya, aka ce mini Bahaushe ne ɗan Maraɗi. Mudir ya raɗa mini cewa a bakin titi aka same shi, kuma tun da ya zo yake share gidan ba tare da an sa shi ba. Ni da bakina ba ya shiru, na ce masa, "Baba, daga yau ka huta, ajiye tsintsiyar nan." Kowa ya yi dariya ban da shi.

Na kunna na'ura. Ta fara daga wurin alwala, ta ƙofar banɗakuna, ta bi baranda tana barin daɓe yana sheƙi. Daga nan ta nufi musalla, inda aka naɗe dardumai saboda gwajin. Sai Baba ya cire takalmi ya tsaya a ƙofa. Na'ura ta ga mutum ta tsaya, ta karkata dama, ya matsa dama. Ta koma hagu, ya bi ta. Tsofaffi suka yi ta dariya, ni kuwa raina ya fara ɓaci.

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan jihazin naka, injin nan, daga ina ya fito yanzu?"

Na waiwaya na ga ƙofar banɗaki. Buroshi ɗaya ne a ƙarƙashinta, da shi ta goge can, da shi za ta goge inda mutane ke sa goshi. Ni da na yi karatun tsarki tun ina ƙarami, ko kaɗan abin bai zo mini ba. Kunya ta kama ni har wuya.

Bai ƙara mini da faɗa ba. Ya kai ni bayan ƙofa ya nuna mini tsintsiya uku da abin goge uku, kowanne da ƙyallen da ya ɗaura masa. Baƙi na banɗaki, shuɗi na baranda, fari na musalla. Ya ce ko jingina su wuri ɗaya ba ya yi.

Mudir ya ce ma'alesh, ba komai, ai ana iya sauya buroshi kafin ta shiga. Gaskiya ne, ana iya. Amma na ga yadda Baba ya ƙanƙame tsintsiyar mai farin ƙyalle. A hankali ya ce mini, "Ba ni da ɗa, ba ni da gida. Idan an kai ni maƙabartar Baƙi'a, wannan sharar kaɗai zan nuna."

Na ce wa mudir wata rana wani zai manta bai sauya ba, gara a hana ta shiga ɗungurungum. Ya ce halas, a yi hakan. Na buɗe taswirar gidan a allo, na kama yatsan Baba na ɗora a ƙofar musalla, shi da kansa ya ja jan layin da na'urar ba za ta tsallake ba. Layin ya fito a karkace, na bar shi haka.

Tun ranar na daina ce wa tsoho ya huta kafin in san abin da aikin yake riƙe masa. Har yanzu idan na tuna wasan da na yi masa, sai in ji nauyi a zuciyata.

Bara na koma ribaɗin don gyaran na'urar, aka ce mini Baba ya rasu, kuma Baƙi'a aka kai shi. Wani tsohon ne ya gaji farin ƙyallen. Na buɗe taswira, layin yana nan a karkace. Na tsaya ina kallo har na'urar ta iso ƙofar musalla, ta tsaya, ta juya.