Arzika ɗan Ciɗo, Mai Riƙon Igiya

Haihuwa da tasowa

An haifi Arzika a garin Barmu, cikin ƙasar Adar, wajen shekarar 1904. Mahaifinsa Ciɗo manomi ne, mahaifiyarsa kuma sunanta Azumi. Ya yi karatun allo gwargwadon hali, amma noma bai karɓe shi ba, har mahaifinsa kan ce gonar da Arzika ya nome sai an sake nome ta.

Koyon sana'a

A shekarar 1922 aka danƙa shi a hannun Illa, wani shahararren mai haƙa rijiya, mutum mai ƙarancin magana da saurin fushi. Illa ya koya masa ɗanɗana ƙasa da harshe, da zura fitila kafin shiga rami domin gane mugunyar iska, da sauraron yashi idan bango yana shirin zubewa. Sai dai bai ba shi dagi ba sai da ya shekara uku yana riƙon igiya a bakin rami. Idan ya yi ƙorafi sai Illa ya ce, "Gina kowa na iyawa. Ni dai kak ka sake ni."

A ranin 1931, a wata rijiya arewa da Takanamat, bango ya zube Illa yana ciki. Arzika ya ja da iyakar ƙarfinsa, igiya ta fito ba nauyi, an kwance ƙullinta da hannu. Illa ya kwance kansa ne don kada ya janyo almajirinsa. Ba a samu gawarsa ba, aka cike ramin aka yi masa salla a kai.

Aure da zaman Tawa

Ya auri Habsatu a 1934, suka koma Tawa da zama. Sunansa ya kai ko'ina a arewacin Adar, amma shekara talatin ya ƙi koya wa kowa, har 'ya'yan cikinsa, saboda ya rantse ba zai sake jan igiya ta fito babu mutum ba. Masu ja masa guga sun sha jin sa a ƙasan rami yana amsa wa wani da ladabi, alhali shi kaɗai ya sauka. Ba wanda ya yi ƙarfin halin tambayarsa.

Shekarun ƙarshe

Bayan samun 'yancin kai aikin rijiyoyi ya yawaita, ƙarfinsa kuwa ya ja baya. A 1963 wani magidanci mai suna Mumuni, wanda ya dawo daga cin rani hannu wofi, ya dinga zarya ƙofar gidansa yana roƙon a koya masa sana'ar, har Habsatu ta sa baki, ta ce, "Malam, in ka tahi da abin ga kushewa, mi za ka ce ma Illa?" Ya karɓe shi ba da son ransa ba, ya koya masa duk abin da ya sani, tsoro kuwa bai bar Arzika ba ko yini guda.

Rasuwa

A bazarar 1967, kusa da Afala, Mumuni yana ƙasa da tsakar rana sai bakin rijiya ya tsage, gungumen da igiya ke bi ya karye, masu ja suka watse. Arzika ya naɗe igiyar a ƙugu da hannuwa, ya tokare ƙafa da dutse. Mumuni ya hau da kyar, yana jin muryar maigidansa daga sama tana gaya masa inda zai sa ƙafa. Da ya fito ya tarar da shi a zaune, ido buɗe, jiki ya riga ya yi sanyi cikin wannan zafin rana. Waɗanda suka tsaya daga nesa sun shaida cewa tun karyewar gungumen ba su ga bakinsa ya motsa ba. An kasa buɗe yatsunsa, sai yanke igiyar aka yi daga gefe biyu.

An yi masa sutura a Afala bayan la'asar. Ya bar matarsa Habsatu da 'ya'ya huɗu: Lawali, Safi, Alhusaini da Hawa. Da liman ya lissafa su a wurin addu'a, Habsatu ta aiko daga cikin gida cewa biyar ne, a sa da Mumuni. Allah Ya haskaka kabarinsa.