Buhun Malam Garba a Bab Makka

Mun bar gida ana kiran assalatu, mu uku cikin tsohuwar fijo, muka nufi filin jirgi na Kano. Umra ce ta kai mu, amma ni da wata amana a wuyana. Maƙwabcina Malam Garba ya rasu a Jidda bara, yana jiran jirgin dawowa daga Hajji. Abokan tafiyarsa sun ce ya sayi tsarabarsa a kantin wani Ba'indiye a kasuwar Bab Makka da ke Jidda, ya bar buhun ajiya, cikin hidimar jana'iza kuma babu wanda ya tuna. Matarsa, Inna Asabe, ta roƙe ni in nemo. "Ba don kayan ba, Malam," in ji ta. "So nake in ga abin da ya zaɓo da hannunsa." Na rubuta kwatancen kantin da ajami a ɗan littafina, na amsa da in Allah ya yarda, alhali zuciyata ba ta natsu ba.

Allah ya nufa muka yi umrarmu lafiya. A rana ta shida muka shiga motar Jidda, hanya shimfiɗe kamar tabarma, ba rami ko ɗaya. Wani abokin tafiyata, wanda direba ne a gida, ya ce irin wannan titi lalata direba yake yi, don babu abin da zai kauce wa. Muka sauka wajen 'yan'uwa a unguwar Nuzla. Da safe aka kawo tamis, wata gurasa mai faɗin faifai, da dafaffen wake da mai. Shayi riyal ɗaya. Na yi ƙoƙarin mayar da shi naira, sai na ga zai ɓata mini shayin, na bari.

Mai masaukinmu ya karya mini gwiwa tun kafin in fita. Ya ce manyan kantuna irin na Turai sun buɗe a gari, masu keken tura kaya da sanyi kamar randa, sun janye masu saye. Don haka ɗan mai kantin da nake nema ya dawo daga karatu a Indiya ya birkice wurin, ya fitar da tsohon tarkace mota guda. "In buhun wata goma ne, Malam, halas, shi ke nan, ka yi masa addu'a."

Na tafi dai. Bab Makka cike take da ƙamshin turare da soyayyen kifi, ga yadi rataye har yana shafar kan mutum. Na wuce kantin sau biyu ban gane shi ba, don kwatancena ya ce wuri ne mai duhu da buhuna har rufi. Yanzu fitila ko'ina, kowane kaya a kantarsa da kuɗinsa a jiki, ana nuna shi ga wata na'ura ta yi ƙara. A bakin ƙofa ga sikeli, alhaji ya auna kayansa tun nan kada a sauke masa rabi a filin jirgi. Tsohon mai kantin yana zaune a gefe yana jan carbi, da fuskar wanda aka gyara wa ɗaki bai so ba.

Wani dattijo mutumin Damagaram da ke aiki a wurin ya yi mini tafinta. Da na faɗi sunan mamacin sai ya yi dariya. "Malam, rabin buhunan ɗakin ajiyar can na Alhaji Garba ne, sauran na Alhaji Musa." Ya kira ɗan mai kantin, mutum mai natsuwa, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce a ƙasarsu ma yaƙin da ƙananan kantuna ke yi da manya ke nan, kuma shi ya duba ya ga babban kanti zai fi shi araha da fili, amma ba zai karɓi ajiyar alhaji ba. To sai ya fara gyara daga nan.

Ya ɗauko wani kundi mai kauri. Ashe ya lura alhazanmu ba su dogara da suna, ƙyallen atamfa suke ɗaura wa bakin buhu. Sai ya yanki ɗan guntu daga kowane ƙyalle, ya liƙa a shafi, ya sa lambar kantar da buhun yake. Ya ce, "Yalla ya Hajj, wanne ne?" Na tsaya ina kallon ƙyallaye kamar an buɗe akwatin matan unguwa gaba ɗaya. Ban sani ba.

Dattijon ya ara mini wayarsa, na kira gida aka kai wa Inna Asabe. Na ce, "Inna, da wane ƙyalle Malam ya ɗaure kayansa?" Ta ce, "Kore ne mai zanen zabbi. Daga gefen zanena ya yaga, har na yi masa faɗa." A shafi na huɗu muka same shi. Ba a yi minti biyar ba aka sauko da buhun, ɗaure yadda ya bar shi, sai dai wuri ɗaya da aka farke aka ɗinke. Ɗan mai kantin ya ce duk wata suna duba ajiya, sun tarar dabinon ya yi ƙwari suka cire. Ya auno sabo ya zuba, ya ƙi karɓar ko sisi. Na nemi kujera na zauna. Tsohon mai kantin ya miƙo mini shayi, ya yi wata magana, tafinta ya ce cewa ya yi, da a zamaninsa ne da sai an kwana uku ana haƙa.

Mun dawo gida ranar Alhamis da la'asar. Tafiyar ta koya mini cewa niyyar riƙon amana ba ta isa ita kaɗai, sai an yi mata wurin zama da alama, ko a kanti ko a gida.

Inna Asabe ta kwance buhun a tsakar gida. Darduma biyu, carbi masu yawa, turare, da baƙin mayafi a naɗe daban. Mayafin ta ɗora a cinya. Washegari Juma'a ta aiko jikokinta ƙofar masallaci da tire, suna miƙa wa kowa carbi da dabino uku suna cewa, "Ga tsarabar Malam Garba, ya ce a yi haƙuri ta makara."