Cokalin Birni a Gayyar Kawu

Na ci tuwo a Gwanja, na ci a Nufe, na ci a Barno inda ban jin ko gaisuwarsu, amma ban taɓa ganin rainin wayo a bakin akushi irin wanda na gani a ƙauyenmu, arewa da Bici, ba.

Babban kawuna shi ke riƙe da gandun gidansu. Da yanar ido ta makantar da shi, bai fasa zama cikin maza a ci tare ba. Abu biyu kawai ya roƙa: a aje masa butar ruwa wajen gwiwar dama, kuma in an yi bisimilla kada wanda ya juya akushi. Sai ya shafa bakin akushin da bayan yatsu, ya gane gabansa, ya yanki loma, ya dangwali miya. Hannunsa bai taɓa ƙetarawa gaban wani ba. Ni mai ido biyu ma ba zan rantse a kan nawa ba.

To akwai autansu, ƙaramin kawuna, wanda ya daɗe yana so a raba gandu ya ware da kasonsa. A wajenmu kuwa, mai raba nama ranar gayya shi ne maigida. In aka ga wani ya raba, magana ta ƙare.

Wata shekara na dawo daga fatauci na tarar ana gayyar maimai, wato noma na biyu, a gandun. Da rana ta take, aka sauko gindin ɗorawa, mata suka aiko da tuwo da naman akuya. Sai ga auta da wani ɗan akushi daban, da cokalin jan ƙarfe da ya sayo wajen Larabawan Birni. Ya durƙusa gaban wansa, murya kamar mai ta'aziyya, yana cewa tausayi ne ya kama shi, kada Yaya ya ƙona hannu, kada ya ɓata riga gaban baƙi. Ga mazauninsa can gefe, rabon nama kuma shi zai ɗauke masa wahalar. Mutumin da ko sandar makahon bai taɓa miƙa masa ba, yau shi ne mai tausayi. Manoma kowa ya koma kallon yatsun ƙafarsa.

Babban Kawu ya karɓi cokalin, ya shafa shi daga kai har wutsiya, ya tambaye ni, ni da na yi yawo, ko haka manya ke cin tuwo a can. Na ce masa na dai ga Balarabe yana shan romo da shi, amma tuwo ban ga wanda ya wulaƙanta shi haka ba.

Kawu ya wanke hannu, ya ce a matso masa da ƙwaryar nama. Liman da kansa ya tura masa. Yana lalubawa yana kiran mutane bisa girmansu: hanta ga liman, cinya ga sarkin noma, ni kuma ya ba ni haƙarƙari, wai matafiyi ya saba da gwagwiyar ƙashi. Tsoka mai kyau ta rage. Ya sa ta cikin ɗan akushin nan, ya ɗora cokalin a kai.

"Auta, ga naka. Tunda kai ka sha wahalar sayo shi, ai kai ya dace ka fara. Je ka gefen ka nuna mana yadda ake yi."

Umarnin babban wa ne gaban jama'a, ba halin ƙi. Auta ya koma can shi kaɗai, yana sarar tuwon dawa da ƙarfe, kuɓewa na zillewa tana sauka a rigarsa ta zuwa kasuwa. Mu kuwa muka zagaye babban akushi, Kawu ya shafa bakinsa ya yi bisimilla.

Ba a sake ta da maganar raba gandu ba har Kawu ya koma ga Allah. Cokalin kuma matar auta ta karɓe, tana kwasar toka da shi.