Malam da Jikan Masu Giya

Cikin duk shekarun da na yi a kamfanin lemon malt na Challawa, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba, ita ce wadda na tsaya tafinta tsakanin mahaifina da wani tsohon Bature. Farkon shekarun tamanin ne, ina ƙaramin mai duba kwalabe, wato wanda ke tsayawa gaban fitila yana ware wadda ta tsage ko ba ta cika ba. Ku ma'aikatan yanzu inji ke yi muku wannan, shi ya sa har yau idanunku garau.

Kamfaninmu reshe ne na wani tsohon gidan giya a Turai. Mu dai ba giya muke yi ba. Tsiron sha'ir ake dafawa, a tace, a sa sukari, a ɗura a kwalba, a sake dafa kwalbar. Ba a sa yis, abin da ke mayar da shi giya, ba a bari ya yi tsami. To, amma je ka faɗa wa mutanen garinmu Zawaciki haka. Magana ta kai kunnen Malam, mahaifina, cewa ɗan liman yana aikin giya. Ya kira ni ya ce, "Sabi'u, zan zo in gani da idona. In da abin maye ko ɗigo ne, ranar za ka ajiye aikin." Ga matata da tsohon ciki.

Na nemi izini wajen manajan ma'aikata, ya ce Malam ya zo ranar Talata. Ashe ranar ce jikan masu kamfanin zai kawo ziyara daga Turai, manaja ya manta. Muna tsaye gindin babbar tukunyar dahuwa sai ga su. Jikan, wato tsohon Baturen nan, ya ga rawanin Malam, ya ɗauka babban baƙo aka gayyato masa, ya cire hula. Manaja ya ce, "Sabi'u, fassara."

Sai tsohon ya ɗauko tarihin gidansu tun daga tushe. Ya ce wasu malaman Kirista masu zaman kaɗaici, waɗanda ba sa aure, su suka fara dafa giyar, don su riƙa sha lokacin azuminsu.

Malam ya dube ni. "Malamai ka ce?"

"Haka ya ce, Malam."

"Da azumi?"

"Da azumi."

Ni kaina ya ɗaure, na ma zaci Turancina ne ya gaza. Na sake tambaya, tsohon ya gyaɗa kai yana murmushi. Ya ci gaba: yadda kakan kakansa ya sayi wurin, yadda suka haƙa rami ƙarƙashin dutse don ganguna su yi sanyi, da dawakan da ke jan kaya, da gobara, da yaƙi. Ya ce duk da haka yis ɗinsu bai taɓa mutuwa ba, suna renonsa kamar yadda mai nono ke ajiye tsami. Na so in rage wani abu, amma Malam bakina yake kallo. In Bature ya yi doguwa na yi gajeruwa, zai gane. Haka na kwashe duka na faɗa. A raina na riga na sallama aikin.

Daga nan aka kawo lemonmu a kofuna. Tsohon ya kurɓa, sai fuskarsa ta canza. Ya yi magana ƙasa-ƙasa. Manaja ya yi tari, ya ƙifta min ido kada in fassara.

Malam ya ce, "Me ya ce?"

Na rasa wanda zan bi. Daga ƙarshe na ce, "Ya ce wannan ruwan sukari ne na yara. Ko tulu guda mutum ya sha, ba abin da zai ji. Ya ce da kakansa zai ga sunansu jikin kwalbar nan, da ya yi kuka."

"Tambaye shi, in an bar shi ya kwana fa?"

Na tambaya. Tsohon ya yarfe hannu, idonsa ya kawo ruwa. "An kashe shi da wuta. Ba zai taɓa zama komai ba."

Malam ya ɗauki kofi, ya yi bismillah, ya kurɓa. Ya ce, "Ka ba shi haƙuri."

Na ba da haƙurin ban san na mene ne ba. Sai da na raka shi bakin get ya ce, "Da ya yaba, da yau tare za mu tafi gida. Koma bakin aikinka."

Manaja ya yi mako ba ya amsa gaisuwata. Ni kuwa har yau ban tantance ba, zaginmu tsohon nan ya yi ko wanke mu. Abin da na riƙe dai shi ne, in aka sa ka tsakanin mutum biyu a wurin aiki, kada ka gyara wa kowa magana, don ba ka san wadda za ta fisshe ka ba.

Da matata ta haihu, Malam da kansa ya ce a kawo kiret biyu na lemonmu wajen suna.