Ɗinkin da Muka Yi a Saman Benen Kawu

A shekarun da ake ta rushe tsoffin unguwannin Makka ana kafa dogayen otal, kawuna yana da bene a Aziziyya. Lokacin aikin hajji benen kan cika da alhazai har kan matakala, in sun watse kuma ya koma shiru, sai kyankyasai da ƙarar tankin ruwa. A can sama, kusa da tankin, akwai ɗaki da ɗan madafi da aka rufe da kwano. Nan Kawu ya ba wasu maza biyu haya.

Babban cikinsu mutumin Kano ne, mai dafa abinci, ya haura hamsin. Kowa Yaya yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Ƙaramin kuwa haifaffen Makka ne kamar ni, sana'arsa rubuta allunan shaguna, muna ce masa mai zane. 'Yan daudu ne, sun daɗe tare a ɗaki ɗaya, kuma duk Hausawan unguwa sun sani. Mata na son girkin Yaya da hirarsa, amma da ya ba da baya sai a taɓe baki. A tsakaninsu "ke" suke ce wa juna. In suka ji takun baƙo a matakala sai su koma "kai".

Ni a lokacin aurena ya mutu, na dawo wurin mahaifiyata a hawan ƙasa na benen, ina ɗinki da keke.

Wata shekara bayan alhazai sun tafi, mai zane ya sauko ya yi sallama a ƙofarmu. Ya ce ya yi dako a Mina, ya ga tarin haramin da alhazai ke yarwa in sun gama, ga kuma waɗanda aka bari a ɗakunan bene. Sun tara buhu-buhu, suna so a wanke a haɗa su a yi babban mayafi, kowa ya ɗinka labarinsa a kai.

Na ce, "Labarin wa?"

Ya ce, "Na waɗanda ba a tambayarsu. Mu dai kekenki muke so, ya ukhti, 'yar'uwata, da hannunki."

Na hau ne don in ga abin da suke nufi, kuma da na san abin da ke cikin buhunan da ban hau ba. Yaya na kwance bakin na farko wari ya buge ni: gumi da ya kwana ya tsufa, da ragowar abinci, da wani abu mai kama da warin mahauta. Wasu haraman sun yi rawaya a wuya. Wasu na ɗauke da gashin aski manne da jini. Akwai wanda aka share majina da shi aka dunƙule. Na juya na yi amai a magudanar ruwa.

Yaya ya miƙo mini kofin ruwa yana dariya. Ya ce, "Hajiya, gumin mutane ne kawai. Ruwan zafi da sabulu ke maganinsa."

Muka yi ta tafasa ruwa muna zubawa. Waɗanda suka ƙi fita muka zubar. Sauran muka shanya har rufin ya yi fari fat.

Yaya ne ya tara mutanen da za su yi aikin, domin shi ya san kowa. Duk ranar Alhamis bayan la'asar sai ka ji ana hawowa ana nishi: mata masu sayar da dawar tattabaru a bakin titi, masu aikatau a gidajen Larabawa, da wasu maza da ke tura tsofaffi a keke wajen ɗawafi. Yawancinsu ba su da iƙama, wato izinin zama a ƙasar, wasu kuma a nan aka haife su amma ba takardar da ta san da zamansu. Matan na zama gefen tanki, mazan gefen ƙofa. Yaya ya kafa doka guda: in mutum na magana, ba mai gyara masa.

Yadda ake yi shi ne, mutum ya faɗi abin da ke ransa, mai zane ya zana da alli a kan ƙyalle, ba fuska, sai kayan da aka ambata. In mai labari ya ce ba haka ba ne, ya goge ya sake. Daga nan kowa ya bi zanensa da allura da zare mai launi. Mazan da ba su taɓa riƙe allura ba matan suka koya musu, ana ta tsokanarsu. Wani ya ɗinka keken da ya tura har bayansa ya lalace. Wata ta ɗinka tagar ɗakin da uwar ɗakinta ke kulle ta in za su fita. Ni na ɗinka ƙofar gidan kakana da aka rushe, kuma ni ke haɗa ƙyallayen da keke.

Cikinmu akwai wata tsohuwa 'yar Damagaram mai sayar da dawa, muna ce mata Inna. Ta yi makonni tana zuwa ba ta ce komai ba, sai sa wa mutane zare a allura. Wata rana ta ce wa mai zane, "Yaro, zana mini mota mai waya a taga." Ta ce ɗiyarta aka kama a kasuwa aka mayar Nijar, ƙasar da yarinyar ba ta taɓa gani ba, ta bar mata jariri. Ta ce ta bi motar da gudu har takalminta ya fita. Ya zana motar, ya zana takalmi ɗaya a ƙasa. Ta duba ta ce, "Na hagu ne." Ya goge ya gyara.

Yaya ne na ƙarshe. Kullum sai ya ce shi nasa aikin shayi ne. Da aka matsa masa, ya ce a zana masa ƙofa da takalman maza ƙafa biyu a ajiye a bakinta. Ba wanda ya tambaye shi ma'ana. Shi da mai zane suka ɗinke shi tare.

Mayafin ya kusa rufe bangon rufin gaba ɗaya lokacin da Kawu ya hau duba tanki ya gan shi. Kawu na cikin masu faɗa a ji a tsakanin Hausawan Makka, yana son taro, yana son a gan shi a gaba. Ya tsaya yana shafa gemu, ya ce za a yi walima bayan ƙaramar salla, manyan baƙi za su zo daga Jidda, ya kamata su ga wannan.

Yaya ya ce, "Alhaji, mun yarda, amma kowa zai tsaya gaban nasa ya yi bayani da bakinsa."

Kawu ya ce, "In sha Allahu, in sha Allahu."

Mutanenmu suka ɗauki abin da gaske. Inna ta ari sabuwar abaya. Kullum tana maimaita abin da za ta faɗa tana tambayata ko Larabcinta zai fita.

An yi taron a wata istiraha, gidan da ake haya don biki, can bayan Muzdalifa. Ɓangaren maza daban, na mata daban, madafi a tsakiya da taga mai kallon filin maza. Tun safe Yaya ke kan tukwane, ni da mai zane muna taya shi. Da baƙi suka fara isowa Kawu ya leƙo, yana ƙamshin turare, bai ma shigo ba.

Ya ce wa Yaya, "Kai da abokinka kada in ga ƙafarku a waje. Akwai mutanen kirki."

Yaya ya ce, "Alhaji, maganar da muka yi fa?"

Ya ce, "Halas, magana ta ƙare. Ka ji abin da na ce."

Na leƙa ta taga na ga an rataye mayafin a bangon filin maza. Gefen da aikin Inna yake an naɗe shi baya an soke da ƙusa. Kawu ya karɓi abin magana, muryarsa na fita ɓangarorin biyu. Ya ce wannan aikin zawarawa ne da marayu da yake kula da su saboda Allah, shi ya ba su wuri, shi ya ba su shawara. Ya bi zanen ɗaya bayan ɗaya yana ƙirƙira musu labari. Da ya zo kan ƙofa da takalma, ya sassauta murya ya ce wata baiwar Allah ce ke tuna mijinta da ɗanta da suka rasu. Maza suka yi ta cewa Allah ya ji ƙansu.

Mai zane ya saki dariya, sannan ya zauna a kan buhun albasa ya rufe fuska.

Bayan haka aka aiko a fito da matan da suka yi ɗinkin. Aka jera su a bakin ƙofar fili, aka ɗora wa kowacce buhun shinkafa a hannu, Kawu ya tsaya a tsakiya ana ɗaukar hoto da wayoyi. Wani yana ce musu su ɗan sunkuyar da kai. Inna ta ajiye nata buhun ta matsa wajen Kawu tana miƙa hannu ga abin magana. Ya yi mata murmushi ya ce, "Allah ya yi albarka, Hajiya," ya juya mata baya. Aka kunna waƙar yabo da ƙarfi. Na ga bakinta na motsi, ba mai ji.

Da aka zo cin abinci shimfiɗa ta kasa. Ban san wanda ya ba da umarni ba, na dai ga an sauke mayafin an baza shi a ƙasa, an jera farantan shinkafa da naman rago a kai. Suka zagaye shi suka zauna, wasu da ƙafa a kan ɗinkin. Mai na tsiyaya daga hannuwansu. Suna tsotse ƙashi suna jefarwa a kan keken mutumin nan da tagar yarinyar nan. Wani ya kama gefen ya share gemunsa. Wani mai jan gemu, da bakinsa cike, ya miƙe yana kwaikwayon tafiyar Yaya, yana karya hannu yana rangwaɗa, sauran na dariya har shinkafa na fita daga bakinsu. Shi ne kuma ya aiko a ƙaro masa miya.

Yaya na tsaye bayana yana kallo. Ya ce a hankali, "Wancan ya san hawa matakalarmu in ba kowa a bene." Ya zuba miyar ya ba da aka kai.

Ni ban iya cin komai ba.

Kafin magariba suka watse. Muka tattara mayafin, ya yi nauyi da mai da ruwan lemo, ƙudaje na binsa.

Washegari na sami Kawu a falonsa. Na gaishe shi yadda aka saba, sannan na ce, "Kawu, abin da aka yi jiya bai kyautu ba."

Ya ce, "Me aka yi? Ba su sami shinkafa ba?"

Na ce, "Ba shinkafa suka je nema ba. Kuma ka san waɗanda suka yi aikin nan."

Ya ajiye kofin shayi ya ce, "Na sani sarai, shi ya sa na rufa musu asiri. Ke kina mace kina hawa wurin irin waɗannan, ba ki ji kunya ba? Baƙi sun fara tambaya. Ki gaya musu su nemi wani wuri kafin ƙarshen wata."

Mahaifiyata ta ja ni waje tana cewa in yi shiru, yayanta ne, a gidansa muke. Na bi ta muka sauka ƙasa.

Alhamis ta ƙarshe kusan kowa ya zo. An wanke mayafin, amma man ya zauna a wasu wurare. Aka yi shawara, aka ce a warware shi kowa ya ɗauki nasa. Na zauna da reza ina farke ɗinkin da na yi da hannuna. Kafin in kai ga nata, Inna ta miƙe ta ce ita fa ta shirya magana, kuma sai ta faɗe ta. Ta sa aka riƙe mata ƙyallenta, ta tsaya a gabansa cikin abayar aro, ta faɗa da Hausa, ta sake faɗa da Larabcinta mai karyewa. Da ta gama sai na kusa da ita ya tashi ya yi nasa. Haka aka yi ta yi har aka kira salla. Da aka zo kan Yaya ya kalli mai zane ya ce, "Ke faɗa." A gaban kowa ya ce haka, kuma ba wanda ya ɗaga kai daga abin da yake yi.

Sun koma wani ɗaki a kan dutse, kusa da inda Inna take, wurin da mota ba ta hawa. Taron ya ci gaba a can, sai dai mutane sun ragu, wasu sun tsorata, wasu an kama su an tafi da su. Na riƙa zuwa har lokacin da aka shafa wa gidajen unguwar jan fenti na rushewa, kowa ya kama gabansa. Yaya da mai zane suka tafi Jidda. Mukan yi waya jefi-jefi.

Hoton ranar walima yana nan a falon Kawu, an sa shi a gilashi. Yana tsakiya da farar riga, matan na riƙe da buhuna, an yanke gefen da Inna take. In salla ta zo mahaifiyata kan tilasta mini in hau gaishe shi. Nakan gaishe shi daga bakin ƙofa, in an kawo abinci in ce na ƙoshi.